Yadda Ake Sauya Katin Girafik da Lissafin Gobe

Mai tace bidiyo, ko mai zanen gini, ko mai buga gem a kwamfutar tebur, wata rana zai ga katin girafik ɗinsa ya fara gazawa: hoto na sarƙewa, fanka na ƙugi, aikin minti goma yana cinye awa guda. Da yawa sai su nufi kasuwa su nemi kati mafi ƙarfi da aljihunsu zai ɗauka. A ganina katin ne ya kamata ya zo ƙarshe a lissafi. Da wuta ake farawa.

Kashe kwamfutar, ka zare wayarta daga soket, ka kwance murfin gefe. A jikin fawa-saflai, akwatin da ke raba wa kowane sashe wuta, akwai takarda mai nuna wat nawa yake bayarwa. Ramin PCIe da katin ke zama a ciki wat 75 kaɗai yake iya ba shi. Sauran ta waya yake zuwa: mai baki shida tana ƙara 75, mai baki takwas 150. To, RTX 4060 wat 115 yake ci, RTX 3060 kuma 170, inda Nvidia ta ce a haɗa shi da fawa-saflai mai wat 550. Shi kuwa RTX 4090 shi kaɗai 450 yake sha, yana neman mai 850. Idan katin da kake so yau 550 ya ishe shi, ka daure ka sayi mai 750 na kamfanin kirki, wanda ke bin tsarin ATX 3.0 ko 3.1. Zai riƙe katin nan, ya kuma riƙe wanda zai gaje shi, domin yana zuwa da wayar nan mai baki 16 da manyan katunan Nvidia suka koma kanta tun 2022. Wannan waya tana son kula. An samu waɗanda bakinsu ya narke saboda ba a tura su har ƙarshe ba, don haka ka danna sai ka ji ƙas, kada kuma ka lanƙwasa ta dab da bakin.

Masu tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su gwanjo, ku tsaya a nan tukuna. Fawa-saflai ɗinsu yawanci bai wuce wat 300 ba, ba shi da wayar kati, kuma sau da yawa haɗinsa na kamfanin ne kaɗai, ba ya sauyuwa da na kasuwa. Abin da ya dace da su kati ne da wutar rami ta ishe shi, irin RTX 3050 mai giga 6. Idan mai shago ya miƙo maka 'yar wayar da ke jan wuta daga bakin SATA zuwa kati, ka mayar masa. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, ƙarshenta ƙauri ne.

Sai awo. Ɗauko tef ka auna daga bayan akwatin zuwa abin da ya fara tare hanya a gaba. Manyan katunan yanzu sun haura santimita 30, kaurinsu na rufe rami biyu ko uku. Idan kana da niyyar ƙara katin ɗaukar bidiyo nan gaba, duba ko ramin da zai shiga zai tsira.

Batun madabod da sauƙi. Katin PCIe 4.0 ko 5.0 yana aiki a ramin 3.0, kuma mai layi 16 ba ya asarar wani abin kirki. Inda ake jin jiki shi ne ƙananan katuna masu ƙarancin layi, kamar RX 6500 XT mai layi huɗu kacal. Shiga BIOS ka ga ko akwai Resizable BAR, don katunan Intel Arc ba sa sakin jiki sai da shi. Tunanin a sayi kati ɗaya yanzu a ƙara na biyu baɗi kuwa, a bar shi. Zamanin SLI, wato haɗa katuna biyu, ya wuce. RTX 3090 Ti na 2022 ne GeForce na ƙarshe da ya zo da wurin haɗa biyu.

Yanzu ne za a zaɓi katin, kuma abin dubawa shi ne ma'ajiyarsa, VRAM, domin a manne take, ba a ƙara ta kamar RAM. Giga 8 na wadatar da allon 1080p, amma mai shirin komawa 1440p ko tace bidiyon 4K ya nemi 12 ko 16, ko da zai haƙura da ɗan sauri. Ka kuma dubi furosesa, kada a ɗaura amalanken jaki a bayan ingarma. Masu madabod ɗin AM4 sun dace: yawancinsu sabunta BIOS kawai za su yi su ɗora Ryzen 5000.

Ranar sakawa, goge tsohon direba da manhajar DDU, musamman in daga AMD za ka koma Nvidia ko akasin haka. Kwance noti, ka danna ɗan makullin da ke ƙarshen ramin kafin ka ja tsohon katin, in ba haka ba sai ka ɓalle ramin. Zaunar da sabon, ka ɗaure, ka jona wuta, sannan ka sa wayar allo a jikin katin, ba a madabod ba. Ɗora masa aiki mai nauyi na rabin awa kana kallon zafinsa a manhajar GPU-Z. A wurin da wuta ke yawan ɗaukewa, sake lissafin UPS ɗinka, domin lambar VA da ke jikinsa ta fi ainihin wat ɗin da yake bayarwa. Lokacin hunturu kuma, ka riƙa buɗe akwatin kana hure ƙurar da ta taru a fankokin katin duk wata.