Sana'o'in Zamani: Sauya Daɓen Tsohuwar Mota da Tsatsa Ta Ci

1.0 Gabatarwa

Gyaran jikin mota, wanda ake kiran mai yin sa fanalbita, yana daga cikin sana'o'in da zamani ya kawo ƙasar Hausa. Duk da haka, ya gaji abubuwa da dama daga sana'ar ƙira, kamar wuta da guduma da kurfi da sanin halin ƙarfe. A wannan darasi za a duba aiki guda daga cikin ayyukan wannan sana'a, wato sauya daɓen mota idan tsatsa ta cinye shi. Manufa ita ce ɗalibi ya fahimci aikin, ya kuma ga yadda ake bayaninsa daki-daki cikin daidaitacciyar Hausa. Za a yi misali da Peugeot 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma masana'antar harhaɗa motoci ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana fitar da ita.

2.0 Daɓen Mota da Amfaninsa

Daɓen mota shi ne fallen ƙarfen da ke ƙarƙashin kafet, inda direba da fasinja suke ɗora ƙafa. Kaurinsa kimanin milimita 1 ne kawai, amma an matsa shi an fitar masa da layuka masu tudu da kwari, waɗanda suke hana shi lanƙwasa.

Ba duk motoci ne ƙirar daɓensu ɗaya ba. A Volkswagen Beetle, daɓe yana haɗe da ƙashin bayan motar, sannan a ɗora jikin a kai a ɗaure da notuna. Ita kuwa ƙaramar 504 ta shiga, an haɗe daɓenta da sauran jikinta da walda sun zama abu guda. Saboda haka daɓen ba murfi ba ne kurum, yana cikin abin da ke riƙe da motar. A kansa ake ɗaure kujeru, a ƙarƙashinsa kuma bututun mai da na birki da salansa suke bi. Idan ya rube, kujera tana iya tumɓukewa lokacin haɗari. Bugu da ƙari, hayaƙin salansa yana iya kutsowa ta huji, alhali yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa jiri da barci, har takan yi kisa.

3.0 Yadda Tsatsa Take Kama Daɓe

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Gishiri yana ƙara mata sauri. Ba ta yin ɓawon da zai kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta, sai dai ta riƙa ɓarɓashewa tana tsotsar danshi, ta ci gaba da ci.

Sau da yawa daɓe yakan rube ne daga ciki. Idan robar gilashi ko ta ƙofa ta tsufa ta tsage, ruwan damina yakan zubo ya kwanta ƙarƙashin kafet, ya yi makonni bai bushe ba. Daga waje kuma laka takan maƙale a lungunan ƙasan mota ta riƙe danshi. A Beetle, batir yana ƙarƙashin kujerar baya, don haka ruwansa yakan cinye daɓen wannan wuri. Motocin da suka zauna a bakin teku, kamar Legas, da waɗanda aka shigo da su daga ƙasashen Turai masu zuba gishiri a titi lokacin hunturu, sun fi na Arewa saurin rubewa.

4.0 Matakan Aikin

4.1 Bincike. Da farko sai a cire kujeru da kafet, a kankare datti. Sannan a riƙa bubbuga daɓen da ƙaramar guduma, ana caka masa sukudireba. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi amo, rubabbe kuwa yakan yi ƙara maras kaifi ko ya huje. A zana iyakar ɓarnar da alli, a ɗan shiga cikin lafiyayyen ƙarfe, domin tsatsa takan wuce inda ido ya tsaya.

4.2 Kariya. Kafin a kunna wuta wajibi ne a cire kan batir, a sauke tankin mai, a janye bututun mai da na birki da wayoyin lantarki. Tankin da babu mai a ciki ma abin tsoro ne, don tururin fetur shi ke fashewa. A dafe motar da matokarai masu ƙarfi a wuri mai daidaito, kada a dogara da jak kaɗai. A ajiye abin kashe gobara a kusa.

4.3 Tokara. Idan ɓarnar tana da faɗi, sai a gitta sandunan ƙarfe a bakin ƙofofi a ɗana su da walda. Haka kuma a yi aikin gefe ɗaya a gama kafin a yanke ɗayan. In ba haka ba, jikin motar zai karkace, ƙofofi su ƙi rufuwa.

4.4 Yanka. A masana'anta, da ɗigon walda aka haɗa daɓe da ƙarafan da ke tallafe da shi. Sai a nemo waɗannan ɗigo a huda su ɗaya bayan ɗaya, a raba fallen da kurfi, a yanke saura da injin yanka, ba tare da an taɓa ƙarafan tallafi ba.

4.5 Auna sabon falle. Idan ba a sami daɓen da aka ƙera domin motar ba, sai a ɗora kwali a kan gurbin a fitar da siffarsa, a yanki sabon ƙarfe mai kauri irin na asali. Wajibi ne a buga masa layukan nan masu tudu da kwari, a kuma huda gurbin notunan kujera daidai. A gwada, a rage, a sake gwadawa, har ya zauna daram.

4.6 Walda. Harshen wutar gas da ake samu daga kabaid yana wuce digiri 3,000 a ma'aunin Selsiyos, ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen 1,500. Siririn falle ba ya jure zafi mai yawa a wuri guda. Don haka ba a jan walda a miƙe. Ana ɗiga ta ne nan da can, a bari ta huce, sannan a cike tsakani. Mai aikin ya sa gilashin kare ido, ya kuma yi aikin inda iska take ratsawa, musamman idan ƙarfen mai rufin zinki ne, domin hayaƙinsa yana cutarwa.

4.7 Rufewa. A goge waldar, a haska fitila daga ƙasa don gano ƙananan huji. Sannan a shafa fentin share fage mai hana tsatsa, a toshe mahaɗa da danƙo, a yi fenti ciki da waje. Daga ƙarshe a sauya robobin da suka jawo yoyon tun farko.

5.0 Illar Rufa-rufa

Saboda neman sauƙi, wasu sukan ɗora sabon falle a kan rubabbe, ko su cusa ƙullun ciko a huji su bi da baƙin fenti. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata. Danshi yakan shiga tsakanin fallayen biyu, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Mai mota ya biya kuɗi, iyalinsa kuma suna zaune a kan ƙarfen da ba zai riƙe su ba ranar da aka yi karo. Idan kuwa mota ce ta sayarwa, abin ya zama algus.

6.0 Kammalawa

An ga cewa daɓe ɓangare ne na ƙarfin mota, kuma maganin rubabben daɓe shi ne a yanke shi har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. An kuma ga cewa kowane mataki yana da muhallinsa. Haka rubutun bayani yake: malamin da zai koyar da shi ya kula ɗalibansa su jera matakai yadda aikin yake gudana, su yi amfani da kalmomin masu sana'ar.

7.0 Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suka sa daɓe ya wuce matsayin murfi.
2. Me ya sa ba a jan walda a miƙe a kan siririn falle?
3. Ware kalmomin aro guda goma daga darasin, ka faɗi harshen da aka aro su.
4. Ziyarci garejin fanalbita, ka tattaro sunayen kayan aiki, ka kwatanta su da na maƙera.