DARASI: KWANA DUBU NA FARKO A RAYUWAR YARO

'Yan'uwa manoma na Rawayau da kewaye, kowa ya san geron da ya rasa ruwa da taki yana ƙarami, ba zai fitar da zangarniya mai kyau ba, ko an zuba masa taki daga baya. Haka yaro yake. Daga ɗaukar ciki har ya cika shekara biyu, wajen kwana 1,000 ke nan. A cikinsu ne jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suke girma da sauri fiye da kowane lokaci.

Yadda Abin Yake A Wurinmu

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran arewa maso yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta ce yara 652 suka mutu da tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Abin ya fi tsanani da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin sauro da zawo, uwa kuma tana gona.

Yaron da ya tsumbure yakan yi ta ciwo, karatu ya yi masa wuya, in ya girma abin da yake samu ya yi kaɗan. Ta haka talauci yake bin gida daga uba zuwa ɗa.

Abin Da Aka Gani A Wasu Ƙasashe

A Gwatamala, daga 1969 zuwa 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka kunu mai gina jiki. Mazan da suka sha shi kafin su cika shekara biyu, da suka girma ladan aikinsu ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin 100. A Jamaika kuwa, tun daga 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure kowane mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaro. Bayan shekara 20, samunsu ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da wajen kashi 25 cikin 100. Ashe yaro yana bukatar abinci, yana kuma bukatar a yi masa magana.

Abin Da Za Mu Yi

1. Mai ciki ta je awo, a rage mata aiki mai nauyi, a ƙara mata abinci.
2. Jariri ya sha nonon fari, kada a zubar. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi.
3. Daga wata shida a ba shi kunu mai kauri da gyaɗa, wake ko waken suya, da ƙwai da zogale, nono kuma har shekara biyu.
4. A cika allurar rigakafi, a karɓi maganin zazzaɓi na damina, a kwana cikin gidan sauro.
5. In ƙafafu sun kumbura ko yaro ya rame, a kai shi asibiti a Kurfi ko Dutsin-Ma nan da nan.
6. Uba ma ya ɗauki yaro, ya yi masa wasa, kaka ta yi masa tatsuniya.

Maigida, kafin ka kai wake da gyaɗa kasuwa da kaka, ka ware rabon yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi Don Taron Ƙungiya

1. A wane wata ne yaranmu suka fi rama, kuma me ya sa?
2. Tiya nawa ta wake kowane mamba zai iya ajiyewa a rumbun ƙungiya domin masu goyo?
3. Wa zai lura da ƙanana sa'ad da iyaye mata suke gona?