Yadda Za Ka Auna Gwanayen Gogen Turawa: Faifan Situdiyo da Wasan Dandali

Masu sauraren kiɗan gargajiyar Turai suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: tsakanin Jascha Heifetz da David Oistrakh, wa ya fi iya goge? In ka kasa kunne da kyau za ka tarar ba abu ɗaya masu musun suke aunawa ba. Wannan ya ji Heifetz a faifan situdiyo, makirfo dab da tsirkiya. Wancan ya ji Oistrakh a wasan da gidan rediyo ya ɗauko daga zaure, jama'a na ta tari. Kowa kuma ya rantse a kan nasa. Ga hanyar da za ka bi ka auna da kunnenka. Kayan aikin ba su da yawa: waya, iyafis mai kyau, data, biro da takarda.

Mataki na 1: Tsayar da kiɗa ɗaya tak

Ba a gane gwani cikin teloli biyu sai an ba su yadi iri ɗaya, an ce su ɗinka riga iri ɗaya. Shawarata ka ɗauki kwancaton goge na Johannes Brahms. Kwancato kiɗa ne da mai goge ɗaya yake gaba, babbar ƙungiyar makaɗa tana mara masa baya, wani lokaci ma tana ja da shi. Brahms ya tsara nasa a 1878 saboda amininsa Joseph Joachim, wanda ya fara kaɗa shi a birnin Laifzig na Jamus ranar 1 ga Janairu 1879. Kashi uku ne: na farko dogo, na biyu a natse, na uku mai tsalle-tsalle da ƙamshin kiɗan Hungari, ƙasar su Joachim. Dalilin zaɓensa shi ne kusan duk wani babban mai goge na ƙarni na 20 ya naɗe shi, wasu har sau uku ko huɗu.

Mataki na 2: Nemo faya-fayai huɗu, kada ka zarce

Rubuta sunayen yadda suke a YouTube, haɗe da shekara. Na ɗaya, Heifetz da madugun makaɗa Fritz Reiner, Shikago, 1955. Na biyu, Oistrakh da Otto Klemperer, Faris, 1960. Na uku da na huɗu duk na mace ɗaya ne, Bafaransa Ginette Neveu: na situdiyon Landan tare da Issay Dobrowen a 1946, da na dandalin Hambog tare da Hans Schmidt-Isserstedt a 1948. In ka tara goma, kunne zai gaji, kowa ya zama ɗaya.

Mataki na 3: Binciki yadda aka naɗi kowanne kafin ka yanke wa kowa hukunci

A nan akasarin masu gardama suke ɓata. Faifan garmaho na da, mai juyawa sau 78 a minti, fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu da 'yan kai. Ke nan lokacin da Neveu take naɗar Brahms a 1946, sai ta yi ta tsayawa tana sake tashi, a yanka kiɗan gunduwa-gunduwa. Ka yi tunanin mutum ya ɗauki zafi, jini ya hau, a ce masa dakata a sa sabon faranti. Zuwa 1955 an koma naɗa a tef, ana iya yanke wurin da aka yi tuntuɓe a liƙa wanda ya fita tsaf. Saboda haka rashin kuskure a faifan situdiyo ba ya tabbatar maka da komai sai cewa injiniya ya iya almakashi. (Heifetz dai, a gaskiya, ba ya ba almakashi aiki da yawa, waɗanda suka gan shi a dandali sun shaida hakan.)

Sai batun makirfo. An san Heifetz da son a matso da shi kusa, shi ya sa a faya-fayansa kake jin kartar gashin sanda a kan tsirkiya, har wasu su ce sautinsa da kaushi. Wanda ke zaune a layi na ashirin a zaure ba ya jin wannan kartar. Iska ta tace ta kafin ta iso shi. Haka kuma a zaure goge ɗaya ne yake kokawa da makaɗa sittin ko fiye, ga ƙahoni ga tambura, kuma tun zamanin Brahms ake yi wa wannan kiɗa ba'a cewa ba don goge aka yi shi ba, don a murƙushe goge aka yi shi. A situdiyo kuwa murɗa maɓalli ɗaya ya isa a mai da goge ƙato.

Ka kuma yi hattara da rubutun "kai tsaye" a faya-fayan zamani. Da yawansu haɗe-haɗe ne na dare biyu ko uku, wani lokaci har da ɗan gyaran da aka yi bayan jama'a sun watse. Tsofaffin naɗe-naɗen gidajen rediyo sun fi zama shaida ta gaskiya: dare ɗaya, yadda ya zo.

Mataki na 4: Yanko wurare uku

Kada ka saurari minti arba'in sau huɗu a jere. Ware shigowar goge a kashi na farko, wajen minti biyu da rabi da farawa, inda yake faɗowa da ƙarfi tambari na ruri a ƙarƙashinsa. Ware farkon kashi na biyu, inda obo, wata 'yar'uwar algaita mai sanyin murya, take rera doguwar waƙa kafin goge ya karɓa. Sai minti ɗaya na farkon kashi na uku. Saurari wuri ɗaya a faya-fayan huɗun, sannan ka matsa gaba.

Mataki na 5: San abin da kunnenka yake farauta

Fara da sauri, don shi ne agogo yake iya auna maka. Heifetz da Reiner sun gama kiɗan duka cikin kimanin minti 35. Oistrakh da Klemperer sun kai wajen 41. Rubutu ɗaya, tazarar minti shida. Amma kada ka tsaya a lissafi, tambayi kanka me saurin ya saya, me ya sayar. A wajen Heifetz kashi na farko yana tafiya da numfashi ɗaya, ba ka samun wurin da hankalinka zai zame. A wajen Oistrakh kowace jimla tana samun wurin zama, sautin ya yi kauri ya cika ɗaki.

Na biyu, rawar yatsa. Mai goge yana girgiza yatsan hagu a kan tsirkiya don sauti ya yi ɗan kaɗawa. Ta Heifetz matsattsiya ce mai sauri, ita ke ba sautinsa wannan ƙyalli. Ta Oistrakh ta fi faɗi da nutsuwa. In kana son ka ji yadda abin ya sauya, nemi 'yan faya-fayan da Joachim kansa ya naɗa a 1903, yana da shekara 72: da ƙyar za ka ji yatsansa ya girgiza. Rawar yatsa a kusan kowane sauti sai a zamanin mai goge Fritz Kreisler ta zama ruwan dare.

Na uku, zamiya: yadda yatsa yake sulalewa daga sauti zuwa sauti maimakon ya yi tsalle. Heifetz yana da wata zamiya tasa da in ka gane ta sau ɗaya, ko cikin barci ka ji ta ka san shi ne.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa: yana sauraren abokan aikinsa? A kashi na biyu, lura ko goge ya karɓi waƙar daga obo kamar mai amsa magana, ko kuwa ya shigo ne kawai don lokacinsa ya yi. A nan, a nawa kunnen, Oistrakh ba shi da na biyu.

Wurin da ba a auna su kai da kai shi ne kadenza, filin da ƙungiya take yin shiru kusa da ƙarshen kashi na farko a bar mai goge ya nuna gwaninta. Brahms bai rubuta ta ba. Oistrakh da Neveu ta Joachim suka kaɗa, Heifetz kuwa wata daban ya ɗauko. Ji daɗinta, amma kada ka ba da maki a kanta.

Mataki na 6: Rufe suna, daidaita ƙara

Faifan da ya fi ƙara yakan yi kamar ya fi daɗi, don haka daidaita su tukuna. Sannan ba wani wayar ya riƙa kunna maka ba tare da ya faɗi ko wane ne ba. Suna yana ruɗin kunne ƙwarai. A 2010, a birnin Indiyanafolis na Amurka, an rufe wa ƙwararrun masu goge ido da baƙin tabarau, aka miƙa musu tsofaffin gogunan Italiya irin su Stradivari haɗe da sababbi, akasarinsu suka kasa bambancewa. In masu sana'ar sun ruɗe, ina ga ni da kai.

Mataki na 7: Auna mutum da kansa

Yanzu koma kan Neveu, don ita ce za ta nuna maka tazarar situdiyo da dandali ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Yarinya ce 'yar shekara 15 lokacin da ta ci gasar goge ta Wieniawski a Waso, babban birnin Folan, a 1935. Wanda ya zo na biyu Oistrakh ne, yana da shekara 26. Ta rasu a hatsarin jirgin sama a tsibiran Azores a watan Oktoba 1949, tana da shekara 30, shi ya sa abin da ta bari bai taka kara ya karya ba wajen yawa.

Kunna shigowarta a faifan Landan, sannan nan take a na Hambog. Na Landan yana da kyau, a tsare, babu abin kushewa. A Hambog kuwa tana danna sanda har sauti ya kusa tsagewa, tana jan jimla ta kai ta bakin rami kafin ta dawo da ita, makaɗan kuma kana ji sun kama wuta tare da ita. Akwai wuraren da yatsa bai sauka daidai cif ba. Rubuta su a takardarka, sannan ka rubuta wanne cikin biyun kake marmarin sake ji gobe. Ni dai na Hambog ne, ba ja.

Mataki na 8: Bar kallo sai ƙarshe

An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka gani yakan yi wa ji ƙarya. Heifetz yana tsayawa ƙiƙam, fuska ba motsi, daga nan aka laƙaba masa cewa kiɗansa ba zuciya. Wanda ya fara jin sa ido rufe ba kasafai yake yarda da wannan ba. Bayan ka gama rubuta naka hukuncin, nemi fim ɗin Bruno Monsaingeon na shekarar 2000 mai suna The Art of Violin, ka ga yadda kowannensu yake riƙe sanda. Daga nan sauya yadi: ɗauko kiɗan Bach na goge shi kaɗai, ba ƙungiya, ka gwada faifan mai goge Nathan Milstein na shekarun 1950 da nasa na 1973.