In moto ya ƙi tashi bayan ruwa

Ɗan'uwa mai karatu, ka san halin watan Agusta a Attantane. An kwana ana ruwa, da safe ga mara lafiya za ka kai likita Mayahi, ko kana sauri kasuwar Tasawa. Ka yi ta buga kiki har gumi ya karyo maka, moto ya ƙi tashi. Jiya kuwa lafiya lau ka jingine shi.

To, kada ka yi saurin sayen sabon kaya. Sau da yawa laima ce kurum. Wutar da ke ƙona mai tana fitowa daga bobin, ta bi waya, ta shiga hular buji, ta kai ga buji, wanda wasu ke ce wa fulogi. In ruwa ya kwanta a hanyar nan, sai wuta ta bi ruwan ta zurare cikin ƙarfen moto.

Ga yadda za ka duba, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, zare hular buji. Goge cikinta da busasshen tsumma, ka shanya ta ga rana.

Na biyu, kwance buji ka share shi. Mayar da shi cikin hula, ka ɗora gindinsa kan ƙarfen inji, nesa da mai. Kada ka riƙe ƙarfensa, zai fizge ka. Buɗe makulli, buga kiki. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, wuta lafiya take. In ja ne mai rauni, ko babu sam, ci gaba.

Na uku, bi waya da ido. Zafin rana yana busar da roba ta tsage, damina kuma ta cika tsagar da ruwa. Duba mahaɗar wayoyi da gidan makulli, ka busar da su.

Na huɗu, in wuta na nan amma moto ya tashi ya mutu, duba mai. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwantawa. Sassauta ƙusar gindin karbirato, ka tsiyaye shi.

Amma in moto ya nutse wajen tsallake Gulbin Kaba ko wani tabki, kada ka tada shi. Ruwa cikin inji yana lanƙwasa ƙarfe. Fitar da buji tukuna, a buga kiki ruwan ya fito. In baƙin mai ya koma kamar madara, a sake shi.

Ka yi duk wannan bai tashi ba? To, yanzu ne na makaniki. Daga yau kuma ka riƙa kwantar da moto ƙarƙashin rumfa.

Tambayoyi
1. Wace hanya wuta ke bi kafin ta kai buji?
2. Don me ruwa ke kwanciya ƙasan mai?
3. Me za ka yi in moto ya nutse?