Kayan Sanyi Don Yawon Jirgin Ruwa Zuwa Alaska

Masu shirin kai iyali Alaska ta jirgin ruwa, kada ku ruɗu don an ce Mayu zuwa Satumba lokacin zafi ne a can. Iskar ƙanƙarar Glacier Bay tana ratsa ƙashi, ruwan saman Ketchikan kuwa ba ya sallama.

Ƙatuwar riga ɗaya ba dabara ba ce. Ku sa 'yar ciki mai ɗumi, ku ɗora suwaita, sannan rigar ruwa mai hula. In kun koma cikin jirgi sai ku rage. Ku nemi ulu, domin auduga in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri. Ku ninka wa yara safar hannu da ta ƙafa, su ne gwanayen jiƙa kaya. Magunguna da fasfo su zauna a jakar hannu, akwatuna kan makara ranar farko.