Zaɓen Akwatin Tsohuwar Na'urar Wasa: Darasi a kan Katako, Gara da Laima

Na'urorin wasan da ake jefa wa kwabo sun yaɗu a duniya bayan da kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong a 1972. Daga Japan kuma aka sami Space Invaders a 1978 da Pac-Man a 1980. Kowacce tana cikin akwatin katako mai kusan tsayin mutum. Wanda ya mallaki irinta a yau yakan tarar injin na da sauran rai, amma akwatin ya ruɓe. To, wane irin akwati ya dace da ita a cikin birnin Kano?

Da farko, a auna fuskar na'urar. Ta Pac-Man a tsaye take, ta wasu kuwa a kwance. Bayan awo, sauran aikin na ilmin halittu ne, domin abokan gāban akwati masu rai ne.

Gara. Katako cike yake da sinadarin selulos, wanda shi ne abincin gara. Garar da ke gina suri tana noma wata irin fumfuna a gidanta, ita ke taimaka mata narkar da itace. A unguwannin cikin ganuwa, inda ginin ƙasa ke da yawa, takan bi ta bango da daɓe, ta cinye katako daga ciki, ta bar fatarsa kamar lafiya lau. Zuciyar itacen loko tana da sinadaran da gara ba ta so, ta maɗaci ma tana da ɗan juriya. Farin katako mai taushi kuwa, da farin gefen kowane itace, ba sa jimawa. Saboda haka idan an je 'Yan Katako a Na'ibawa, a nemi busasshen katako na zuciyar itace.

Laima. Yawancin akwatunan asali an yi su ne da fallayen katako da aka manne, ko da garin katako da aka cuɗa da gam. Wannan na biyun yakan sha laimar watan Agusta ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Da hunturu katako yakan bushe ya tsage, shi ya sa ɗanye bai dace ba.

Zafi da ƙananan dabbobi. Tsohuwar fuska mai kwalba tana fitar da zafi, a Afrilu kuma zafin Kano kan kai digiri 40. Dole a bar ƙofofin iska a sama da ƙasa, amma a rufe su da raga, domin ɓera na gutsurar waya, kyankyaso da tsaka kuma na iya haɗa wuta. A ɗora akwatin a kan ƙafafun ƙarfe, a janye shi daga bango.

Gargaɗi: kwalbar fuskar tana riƙe da wuta mai haɗari ko bayan an cire ta daga soket. Kada ɗalibi ya taɓa ta. Aikin ƙwararren mai gyara ne.

Aikin aji. Malami ya samo guntayen loko, maɗaci da farin katako masu girma ɗaya. Ɗalibai su auna nauyinsu, su binne su kusa da suri. Bayan mako 8 a tono, a shanya, a sake aunawa. Wanne ya fi raguwa, kuma me ya sa?