Daga Wane Gefe Ƙarar Ta Fito?

Babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya ta bi ta Rigacikun, kullum kuwa yaranmu suna ƙetare ta, wasu za su makaranta, wasu an aike su. Yaron da ya ji ƙarar mota amma bai san ta inda take zuwa ba yana cikin hatsari. A wannan darasi za mu koyi yadda za mu gano irin wannan yaro tun a gida.

Amfanin kunne biyu

In ƙara ta fito daga dama, kunnen dama ne yake fara jinta, ya kuma fi jinta da ƙarfi, domin kai ya tare na hagu. Ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan guda ba, amma ta ishi ƙwaƙwalwa ta gane gefen. In kunne ɗaya ya lalace, yaro yana jin magana, yana amsa kira, saboda haka ba ma lura. Sai mu ga yana waige-waige in an kira shi, mu ce ba ya sa hankali. Sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai mugunya duk sukan jawo wannan.

Jariri mai wata 7 zuwa 9

Wasu malamai na Ingila, miji da mata masu suna Ewing, su ne suka bayyana wannan gwaji a 1944.

1. Uwa ta zaunar da jaririn a cinyarta a ɗakin da babu surutu.
2. Mutum ɗaya ya zauna a gabansa, ya ja hankalinsa da abin wasa, sa'an nan ya ɓoye abin.
3. Wani ya tsaya ta baya, wajen ƙafa uku daga kunnen, inda jaririn ba zai ga ko inuwarsa ba. Ya goga cokali a cikin kofi a hankali, daidai tsayin kunnen.
4. Mu duba ko ya juya kai wajen ƙarar. Sa'an nan a gwada ɗaya gefen.

Yaro mai shekara 4 zuwa sama

Mu mai da shi wasa. Yara su yi da'ira, ɗaya ya zauna a tsakiya, a rufe masa ido da ɗankwali. Wani ya kaɗa gwangwani mai tsakuwa, shi kuwa ya nuna wurin da hannu. A yi sau goma, dama da hagu a gauraye. Kowa yakan rikita gaba da baya, wannan ba kome. Abin dubawa shi ne yaron da kullum yake nuna gefe guda.

In yaro bai ci ba

Kada mu tsorata, wataƙila mura ce ko gajiya. Mu sake bayan mako biyu. In har yanzu haka ne, mu kai shi asibiti, domin gwajin gida ba ya yanke hukunci. A cikin Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Kada mu sa tsinke ko gashin kaza ko mai a kunnensa. Mu roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaba, lafiyayyen kunnen yana wajen malam. Mu koya masa ya duba dama da hagu da ido kafin ya taka titi.

Don tattaunawa: Yara nawa ne a unguwarmu suka yi sanƙarau ko ƙyanda? Wa zai gwada su a wannan mako?